Haɗa kalmar Turanci daga haruffan da aka hargitsa: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Tun da na fara koya wa yara lesin da yamma, ga shi kuma ina taɓa buga Scrabble, wasan haɗa kalmomi a kan allo, a majalisa, tambayoyin nan ba sa ƙarewa, iyaye su tambaya, ɗalibai su tambaya, har da waɗanda wasan waya ya hana su barci. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Wanda ya riga ya san kan abin yana iya tsallake na farko-farkon.

Wai mece ce ma wannan harkar ta hargitsa haruffa?

Haruffa ne za a ba ka a birkice, kai kuma ka jera su su ba da kalma mai ma'ana. Misali a ce maka T, E, A. Kana iya fitar da TEA wato shayi, ko EAT wato ci, ko ATE wato ya ci. Idan kalma ta fito daga haruffan wata kalmar ba ragi ba ƙari, Turawa na ce mata anagram.

Mu ma fa muna da shi a Hausa, suna ne dai ba mu ba shi ba. Juya "gari" ka ga "riga", juya "ɗaki" ka ga "kiɗa", "masa" ta koma "sama", "rago" ya koma "gora". Duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya san daɗin juya gaɓoɓi. Sai dai na Turanci ba gaɓa-gaɓa yake juyuwa ba, nan ne gizo ke saƙar, duba amsar da na bayar a ƙasa kan kunnen Bahaushe.

A ina mutum zai ci karo da shi?

Wuri na farko makarantar firamare, cikin darasin Verbal Reasoning, da irin shirin da ake wa 'yan aji shida kafin jarrabawar shiga sakandare. Na biyu wasannin waya irin su Wordscapes da Words With Friends. Na uku Scrabble na allo. A jaridun Amurka kuma akwai wani shafin wasa da ake kira Jumble wanda ya fara fitowa tun 1954. Wordle da ya yi tashe a 2022 ɗan uwansu ne, amma shi ba a ba ka haruffan, canka kake yi, sau shida kawai, kalma mai harafi biyar.

Dole sai na yi amfani da duk haruffan da aka ba ni?

Ya danganta da inda kake. A jarrabawa eh, dole, kowane harafi sau ɗaya, kar ka bar ko ɗaya kar ka ƙaro daga aljihunka. Idan T biyu aka ba ka to T biyu za su fito a amsar. A wasan waya kuwa ana so ka fitar da manya da ƙanana, daga H, E, A, R, T za ka samu HEART da EARTH, sannan HEAT, HEAR, TEAR, RATE, HAT, ART, EAR da sauransu. A Scrabble ƙwaya bakwai ne a gabanka, kowace da harafi ɗaya a jikinta, ka sa ko nawa ka ga dama, in ka zuba bakwai ɗin duka a lokaci ɗaya a ƙara maka maki 50.

Kuskuren da na fi gani wurin yara shi ne cinye harafi. A ba yaro haruffa shida ya kawo kalma mai biyar yana murna. Ka saba masa da soke kowane harafi da fensir yayin da yake rubuta amsar.

Haruffa biyar kacal amma na fi minti goma ina kallonsu, ko kaina ne ya toshe?

Ba kanka ba ne, lissafi ne. Haruffa uku daban-daban ana iya jera su hanya 6. Huɗu hanya 24. Biyar 120, shida 720, bakwai 5,040, takwas kuwa 40,320. Ka ga kenan wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya dace, sai dai a kira sallar asuba yana nan zaune. Idan akwai harafin da ya maimaitu adadin yana raguwa, haruffan LETTER shida ne amma saboda E biyu T biyu hanyoyin 180 ne ba 720 ba.

Gwanaye ba gwada duk hanyoyin suke yi ba, wlh ko kusa. Idonsu ne ya saba da irin haruffan da ke tafiya tare, sai su watsar da kashi mafi yawa tun kafin su fara.

To ta ina zan fara?

Ga yadda nake yi. Da farko na raba wasula gefe, baƙaƙe gefe, in ga me nake da shi. Sannan in duba ko akwai ɗafa-ƙeya, wato ɗan ƙarin da ake yi a ƙarshen kalma, da aka saba gani, irin su ING, ED, ER, EST, LY, TION, NESS, ko S ta jam'i, in cire ta in ajiye a dama. In ba ta, in duba ɗafa-goshi, wato na farkon kalma, UN, RE, DIS, PRE, MIS, OUT. Abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan, shi zan juya. A ce an ba ka A, D, E, G, I, N, R. Cire ING, saura A, D, E, R, hanya 24 kenan maimakon 5,040, nan take READ za ta faɗo maka, ka samu READING. Da ED ka cire da GRAINED za ka samu.

Amma kar ka riƙe wannan kamar aya. Wani lokacin ING ɗin tarko ne. E, G, I, N, O, R in ka cire ING za ka yi ta fama da E, O, R har ka gaji ba abin da zai fito, alhali amsar REGION ce wato yanki, ko IGNORE wato yin biris. In ka ga ka yi minti ɗaya hanya ba ta ɓulle ba, rushe komai ka sake.

Abu na ƙarshe, kar ka bar haruffan a layin da aka ba ka su. Ido yana maƙalewa a jerin farko da ya gani. Rubuta su a da'ira, ko ka sa wasulan a tsakiya baƙaƙen kewaye, a waya kuma akwai maɓallin da ke sake girgiza su, danna shi ba kuɗi ake biya ba.

Me ya sa yaranmu suke shan wahala a nan fiye da yadda ya kamata, alhali sun san kalmomin?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don na daɗe ina lura da ita. Kunnen Bahaushe ya saba da baƙi, wasali, baƙi, wasali. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a manne, kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Shi ya sa da muka aro kalmomin Turawa muka cusa musu wasula don su zauna a bakinmu, bread ta zama burodi, driver ta zama direba, brake ta zama birki, flour ta zama fulawa. To wannan ɗabi'ar tana bin mu har kan takarda. In aka ba yaro haruffa a birkice, ba tare da ya sani ba sai ya fara neman wasalin da zai sa bayan kowane baƙi, in wasulan suka ƙare sai ya ce Malam tambayar ba daidai take ba.

Na gani da idona a gida. Na ba 'yata G, H, I, N, T a kan tabarma bayan magariba, tana aji biyar lokacin. Ta rubuta TIHIN ta goge, ta rubuta NIGIT ta goge, har takardar ta huje, ta ɗago ta ce "Abba, ai wasali ɗaya ne, an manta sauran." Na ɗauki T da H na manna su wuri ɗaya na ce ki ɗauka harafi ɗaya ne, na ɗauki N da G na yi musu haka. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ta ce THING. Da na haɗa mata G, H, T kuma ta ce NIGHT tana dariya, don kalma ce da take faɗa kullum in za ta kwanta.

Saboda haka maganin shi ne a koyi ganin tagwayen baƙaƙe a matsayin abu guda. Na farkon kalma: ST, SP, SK, TR, DR, BR, CR, PL, BL, CL, FL, da 'yan uku irin su STR, SPR, SCR, THR. Na ƙarshe: ND, NT, NG, NK, CK, ST, LD, RT, GHT, TCH. SH ba ta ba mu wahala tunda muna da ita a rubutunmu, TH, CH, PH, WH su ne baƙi a wurinmu. Don ka san iyakar rashin tausayin Turanci, kalmar STRENGTHS harafi tara ce wasali ɗaya tal.

P da F fa, kullum sai sun rikita ni.

Ba kai kaɗai ba. A Hausa sautin ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa petrol ta zama fetur, paint ta zama fenti, pump ta zama famfo. A magana mutane za su gane ka, a wannan wasan kuwa ba sassauci. FAN fanka ce, PAN kasko. FULL cikakke, PULL ja. FOOL wawa, POOL tafki. Wadda ta fi kowacce haɗari FORK cokali mai yatsu, PORK naman alade, Allah Ya kiyaye.

Ni kaina na taɓa zuba F, L, A, T, E a allo ina ji da kaina wai faranti na rubuta, abokin wasana ya kalle ni ya ce "Malam, wannan farantin na wane gari ne?" Na kwashe ƙwayoyina na rasa zagayen, kuma har yau in muka haɗu a majalisa sai ya tambaye ni labarin faranti. B da V ma haka suke yi wa wasu, BAN hani ce, VAN mota. Abin da ya taimake ni shi ne rubuta su bibbiyu a bayan littafi tare da ma'anarsu.

Idan baƙaƙe zalla suka zo min, ko wasula zalla?

Nemi Y tukuna, tana aikin wasali. CRY, SKY, DRY, GYM, MYTH, LYNX, har RHYTHM mai harafi shida ba A, E, I, O, U ko ɗaya. A Scrabble akwai wasu na ban mamaki da aka yarda da su, HMM, SHH, BRR, NTH, da CWM wadda aka aro daga harshen mutanen Wales, ma'anarta kwari a tsakanin duwatsu.

In wasula ne suka yi yawa ga AREA, IDEA, AUDIO, EERIE, ADIEU, QUEUE. Ta ƙarshen nan layi take nufi, irin na gidan mai, harafi biyar amma na farkon kaɗai ake furtawa.

An ce Q ba ta tafiya sai da U, gaskiya ne?

A Turancin yau da kullum da na jarrabawa haka ne, ka ga Q nemi U ka manna su. A Scrabble kuwa akwai waɗanda suka karya dokar, abin daɗin kuma da yawansu daga Larabci suke, mun riga mun san su tun a makarantar allo. QADI alƙali, QIBLA alƙibla, NIQAB niƙabi, WAQF waƙafi, FAQIR fakiri, TALAQ saki. Akwai QAT, ganyen nan da ake taunawa a Yaman da Somaliya da Habasha. Wadda ta fi kowacce ceton rai ita ce QI, daga Sinanci, harafi biyu kawai, ga Q maki 10 take da shi. Wasu daga cikin waɗannan sai a Collins, jerin kalmomin da muke bi a gasa, ake karɓarsu, duba amsar da ke bayanin dalilin da ya sa wasa ke ƙin kalma.

Na samu amsa biyu daga haruffa ɗaya, wacce ce daidai?

Duka daidai ne sai dai in tambayar ta zo da alama. O, P, S, T kaɗai suna ba da kalma shida, STOP tsaya, SPOT tabo ko wuri, POST gidan waya ko muƙami, POTS tukwane, TOPS saman abubuwa, OPTS ya zaɓa. E, I, L, N, S, T suna ba da LISTEN saurara da SILENT shiru, malaman firamare na son wannan sosai, sai ENLIST shiga soja, TINSEL ƙyalƙyalin ado, INLETS mashigan ruwa. BELOW ƙasa, ELBOW gwiwar hannu, BOWEL hanji. DANGER haɗari, GARDEN lambu. ANGEL mala'ika, ANGLE kusurwa, GLEAN kuma kala, irin wadda ake yi a gona bayan an gama girbi.

A jarrabawa karanta umarnin da kyau, sau da yawa za a ce sunan dabba ake nema ko sassan jiki ko kayan marmari, to nan LEMON da MELON duka za su shiga amma BELOW ba za ta shiga sassan jiki ba. Akwai wadda ɗalibai ke tsokanata da ita, TEACHER in ka juya ta CHEATER ce wato macuci. Ni kuma in ce musu ai HECTARE ma tana ciki, kadada guda, ku bar ni in koma gona.

Dole ne in san ma'anar kalmar, ko in ta fito shikenan?

A dokar Scrabble ba wanda zai tambaye ka ma'ana, in kalmar na cikin jerin da aka amince da shi ta zauna. Babbar hujja ita ce Nigel Richards, mutumin New Zealand, wanda ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin kawai ya haddace, ya kuma sake yin haka da na Sifaniyanci a 2024.

Toh amma kai ba kofi kake nema ba. In don Turancinka ya ƙaru kake yi, ko don ɗanka ya ci jarrabawa, kalmar da ba ka san ma'anarta ba kamar kuɗin wata ƙasa ne a aljihu, kana da su amma ko ruwan leda ba za su saya maka ba. Kuma a gaskiya ma'ana tana taimaka wa hadda. Na fi shekara ina manta STEARIN, ranar da na gano wani irin kitse ne da ake kyandir da sabulu da shi ban sake mantawa ba. Ni ƙa'idata a lesin, yaro ba ya samun maki sai ya faɗi ma'anar da Hausa ko ya sa kalmar a jimla. Suna ƙorafi, amma bayan wata biyu ka ji yaro yana cewa littafin da ba a STUDY da shi shi ke zama DUSTY.

A ina zan nemo ma'anar da zan yarda da ita?

Ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's, ya fi dacewa, don yana bayani da sauƙin Turanci kuma yana ba da misali a jimla. In da Hausa kake so akwai ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, da tsohon na Neil Skinner da iyayenmu suka yi karatu da shi. Fassarar waya tana taimakawa amma ka yi hattara in kalma ɗaya tilo ka ba ta, don kalmar Turanci ɗaya na iya ɗaukar ma'ana uku ko huɗu ita kuma ɗaya za ta miƙo maka. TEAR hawaye ce kuma yagawa ce. POST ka ga yadda ta yi a sama. MATE aboki ne, abokin zama ne, kuma barbara ce ta dabbobi. Sa kalmar cikin jimla kafin ka nemi fassara, ya fi fitar da gaskiya.

Irin su XU, ZA, JO, AA kuwa ba lallai ka gan su a ƙaramin ƙamus ba. XU kuɗin Biyetnam ne, ZA gajarta pizza ce, JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotilan, AA wani irin dutsen aman wuta ne mai kaushi. Kar ka kai su cikin insha'in WAEC don Allah.

Na tabbata kalmar Turanci ce amma wasan ya ƙi karɓa, me ya jawo?

Ɗaya daga cikin abu uku ne yawanci. Na farko sunan yanka ko na gari, duk abin da sai da babban baƙi ake fara shi ba ya shiga, KANO ba ta shiga, LONDON ma haka. Gajartattun sunaye irin su BBC da kalmomi masu karan ɗori a tsakiya su ma a waje suke.

Na biyu rubutun Ingila da na Amurka. Mu a makaranta na Ingila aka koya mana, COLOUR, FAVOUR, yawancin wasannin waya kuma Amurkawa ne suka yi su, COLOR, FAVOR. Akwai ma waɗanda haruffan ɗaya ne jerin ne ya bambanta, CENTRE da CENTER, METRE da METER, sai ka gwada ɗayar in ɗayar ta ƙi.

Na uku kowane wasa da jerin kalmominsa. A Amurka da Kanada suna da nasu, mu a Najeriya da Ingila da yawancin duniya Collins ake bi a gasa, mai kalmomi sama da 270,000. Kalma na iya zama halal a nan haram a can. Shi ya sa kafin a fara wasa a majalisa ku yanke da wane ƙamus za a yi hukunci, na ga abota ta kusa ɓaci a kan kalma mai harafi biyu.

Akwai kalmominmu na gida da suka shiga?

Akwai. NAIRA da KOBO duka ana karɓarsu, haka EMIR, IMAM, SULTAN, HAJJ, HALAL, KOLA, HARMATTAN. Ka juya KOBO ka ga BOOK, in ka sake juyawa da Hausa kuma ka ga boko, wannan na bar wa masu fashin baƙi. Babban ƙamusun Oxford ya shigar da Kannywood da okada da danfo a Janairun 2020, amma shiga Oxford daban, shiga jerin wasa daban, Kannywood dai suna ce don haka ba za ta hau allo ba.

Shafukan nan da kake zuba haruffa su fito maka da amsa, ya suke yi, kuma satar amsa ce?

Ba wani tsafi. Kwamfuta na ɗaukar kowace kalma a ƙamus ta jera haruffanta bi da bi daga A zuwa Z ta ajiye. LISTEN ta koma EILNST, SILENT ma EILNST, sai su faɗa akwati ɗaya. Kai kuma in ka zuba naka ta jera su haka nan ta buɗe akwatin da ya dace. Manyan 'yan Scrabble ma da wannan dabarar suke hadda, suna jera ƙwayoyinsu daga A zuwa Z sai jerin ya tuno musu da kalmomin da ke ciki.

Batun sata kuwa, in kana wasa da mutum ka leƙa waya a ɓoye, sata ce, ba wani suna. In aikin gida ne aka ba yaro ya kwafa, ya cuci kansa don ranar jarrabawa ba waya. Amma bayan ka gama iya ƙoƙarinka ka duba don ganin abin da ya wuce ka, wannan karatu ne, ni ma ina yi bayan kowane wasa, in ga kalmar da ta zauna a gabana ban gan ta ba in yi ta cizon yatsa.

Ya ake samun kalma mai harafi bakwai a Scrabble, ni ban taɓa yi ba?

Sirrin yana wurin abin da ka bari a hannu ba abin da ka zubar ba. Ƙwaya 100 ne a jaka, E 12, A 9, I 9, O 8, N da R da T shida-shida, S huɗu kacal, sai fanko biyu da za su zama duk harafin da kake so. Alfred Butts, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, ƙirga yawan fitowar haruffa ya yi a jarida kafin ya raba su haka, sunan Scrabble kuma a 1948 aka sa masa. Tunda haka ne, haruffan da suka fi haɗuwa su ba da doguwar kalma su ne A, E, I, N, R, S, T. Su bakwai ɗin nan kaɗai suna ba da RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER, STEARIN, RETSINA da wasu. Don haka in kana da su ka riƙe, ka rabu da irin su V, W, U da harafin da ya zo maka biyu. Kar ka kashe S ko fanko a kan maki biyar.

Sai kuma kalmomi masu harafi biyu, sun haura 120 a Collins, su ne ƙugiyar da za ka rataya doguwar kalmarka a jikin allo, in ba su sai ka samu bakwai ɗin ka rasa inda za ka ajiye. V ce kaɗai ba ta da ko ɗaya. Wani abu kuma, in za ka sayi kwalin wasan a wajen Maraɗi ko Damagaram ka duba da kyau, na Faransanci ƙwaya 102 ne kuma makin haruffan daban yake.

Da gaske ne 'yan Najeriya sun yi fice a wannan wasan?

Da gaske ne. A Nuwamban 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambun, har shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya kira shi a waya ya taya shi murna. Najeriya na da hukumar Scrabble ta ƙasa, wasan kuma a matsayin wasanni ake ɗaukarsa ba shiririta ba. A gasa kowane ɗan wasa minti 25 yake da shi na wasan gaba ɗaya, in ya haura a cire masa maki 10 a kowane minti, ka ga wanda ya saba yin minti goma yana kallon harafi biyar sai ya sake shiri.

Malam, ya zan koya wa yarona a gida, ni Turancina ba nisa?

Hajiya ba sai kin yi nisa ba, kuma ba sai kin sayi komai ba. Ki samu kwalin sukari ko na taliya ki yanka ƙanana, ki rubuta harafi ɗaya a kowanne da maka, ko ki tara murafun lemon kwalba ki rubuta a cikinsu. Yaro ya fi ganewa in yana motsa haruffan da hannunsa a kan tabarma fiye da kallonsu a takarda. Ki fara da Hausa, ba shi R, I, G, A ya fitar da riga da gari, ya gane wasan tukuna. Sannan ki koma Turanci masu harafi uku daga littafinsa na makaranta, ki ɗauki kalmar da ya riga ya karanta ki birkita masa, kin ga ke kin san amsar tunda daga littafin kika ɗauko. In ya samu ya faɗa miki ma'anarta da Hausa.

Ki yi wasu katuna na musamman masu baƙaƙe biyu a manne, TH, CH, ST, NG, CK, GHT, dalilin yana cikin amsar kunnen Bahaushe a sama. Minti goma bayan la'asar ya isa, kalma biyar ba ƙari, in kika ga ya fara hamma ki tattara. Murafun kuma ki zuba su a gwangwani mai murfi ki ɗora a saman kwaba, namu na farko ƙanin 'yata ne ya kwashe rabi ya yi tayoyin mota da su, sai da muka yi sati ba mu da E ko ɗaya.